Bakin Auta

Shafi na 19

Masu tambayar ina na shiga, ga shi nan. Ku bar akwatin saƙona ya huta.

"Maimaita min abin da ta ce."

"Na faɗa miki, Malama. Ta ce ta gane."

"Ƙarya kake yi."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga, da ya fi min sauƙi.

Yara sun fita hutun tsakar rana. Ajin ya rage daga ni sai ita, sai ƙurar alli da jakunkuna a warwatse kan benci. Ta tura ƙofa da ƙafa ta jingina da ita.

"Kusan shekara guda ina zaune gefen ƙanwata a ajin nan," na ce. "Ni ne kunnenta, ni ne bakinta. Tun Auta tana goye nake karanta hannunta. Yau ne za ki ce min..."

Sai Malama ta ɗaga hannu. Ta ɗora yatsa a goshi, ta sauke, ta kife tafin kamar mai zubar da ruwa.

Hannun a sandare yake, kamar arowa ta yi. Amma alamar ce. Babu kuskure.

"Tafinta, me wannan yake nufi?"

Na kalli allo.

"Da kai nake."

"Ban gane ba."

"Kai ne ba ka gane ba, ko ma'anarsa ke nan?"

"Ma'anarsa ke nan."

Ta bar ƙofar ta je ta zauna a kujerarta, ta cire tabarau ta murza ido.

"Sati uku ina koyon maganar kurame a waya. A cikin mota, a bakin murhu, tukunya tana ƙonewa maigida yana faɗa. Na ce bari na ba yarinyar nan mamaki, wata rana na gaishe ta da hannuna. Ashe ni za a ba mamakin. Alamar farko da idona ya kama a ajina ita ce wannan. Ta yi ta ƙarara, kai kuma ka buɗe baki ka ce min ta gane."

"Malama..."

"Na ce ƙila idona ne. Sai na fara sa ɗigo a bayan rajista. Daga Litinin zuwa yau Alhamis, sha huɗu."

Ta jawo aljihun tebur. Ta fito da takarda.

"Da safe na aike ka ofis karɓo alli."

"Na ga kwalin naki cike yake."

"Cike yake. Kana fita na ba ta wannan."

Lissafin rabawa ne, guda uku. Auta ta kwafe tambayoyin tsaf, kowacce sau uku, layi a kan layi. Har da yadda Malama take karkatar da bakwai ɗinta. Wurin amsa fari fat.

"Rubutu kamar na inji," in ji ta. "Aikin gida kuma goma bisa goma, goma bisa goma. Wa yake yi?"

"Ita take rubutawa."

"Ban tambaye ka wa yake rubutawa ba."

Nan ne raina ya ɓaci. Ba don ta yi ƙarya ba.

"To ke fa?"

Ta ɗago.

"Kin san sunan da ta sa miki?" Na kai hannu na dafa bayan kaina. "Ƙeya. Don ita kaɗai take gani. Kina magana kina rubutu, kin ba ta baya. Ta ɗan iya karanta baki, na faɗa miki tun ranar farko. Wane bakin za ta karanta, na allo?"

"Ka gama?"

"Kin taɓa kallon idonta kin yi mata magana? Ni kike kallo. 'Ka ce mata ta buɗe littafi. Ka tambaye ta ko ta gama.' Kamar ba ta wurin."

"Yara hamsin da takwas gare ni."

"Na sani, ni ma ina ƙirga su."

"Ɗaya a keke, kullum sai an cicciɓo ta an tsallake matakala uku. Ɗaya ba ya ganin allo sai ya manna hanci a jiki. Ɗaya idan aka buga ƙararrawa sai ya toshe kunne ya shige ƙarƙashin benci. Kwana biyu aka ba ni horo, Tafinta. Kwana biyu, rabinsa jawabi. Aka ba ni takardar shaida aka ce na zama gwana."

"Shi ya sa na rage miki aiki."

"Au, taimakona kake yi?"

"Kin tuna satin farko?"

Na ci gaba.

"Darasi ɗaya ta ce ba ta gane ba sau tara. Duk na faɗa miki. A na tara kika ajiye alli kika ce, 'Idan haka za mu tafi, ba za mu gama littafin nan ba har su yi gemu. Anya nan ne wurinta?' Yara suka yi dariya. Ita ba ta ji ba. Ni na ji."

"Gajiya ce ta sa na faɗa."

"Ni ma gajiyar ce."

A waje ana buga ƙwallon roba a bangon aji, dum, dum.

Gaskiyar ita ce na zaci zan iya. Na ce a raina, a aji zan ce ta gane, a gida na koya mata da kaina. Haruffa na koya mata. Tarawa da ɗebewa mun yi da murafen kwalba a tsakar ɗaki. Da aka zo rabawa sai na tsaya. Lissafi ne ya kayar da ni a jarrabawar gama sakandare, shi ya zaunar da ni a gida har Umma ta ce tunda makarantar ba ta da tafinta, na tashi na bi Auta. Abin da ban iya da baki ba, ta yaya zan yi shi da hannu? Sai na koma dubo amsa a waya, na rubuta a bayan kwali, ta kwafa.

Malama ta zaro wata takardar daga cikin rajista. Wannan mai tambari ce.

"Ka san wannan?"

"Rahoto."

"Yau za a mayar da shi ofishin ilimi. Ranar Litinin jami'arsu za ta zo ta gwada yarinyar, da nata tafintan. Kai a waje za ka zauna. Idan ta ga tana bin aji, ta ci gaba da mu. Idan ba ta bi, makarantar kurame ta kwana."

"Tafiyar yini ce."

"Na sani."

"Shekararta goma. Ba ta taɓa kwana ba Umma ba. Ko fitila aka kashe sai ta riƙe rigar wani, don idan babu haske babu magana."

"Sau biyu na rubuta 'tana bin darasi yadda ya kamata' na sa hannu. Da bakinka na rubuta. Yau ba zan rubuta ba."

"Ki ba ni zango ɗaya."

"Ka yi me da shi?"



Ta miƙe ta mayar da tabarau.

"Taso. Ofis."

* * *

Hedimasta yana cin abinci a kan fayil lokacin da muka shiga. A bangon bayansa akwai babban hoto: Auta ta ɗaga hannu a aji tana murmushi, ni an yanke ni, kafaɗata kawai ta fito. Duk baƙon da ya zo makarantar sai an tsayar da shi gaban hoton nan.

Malama ta yi bayani a tsaye. Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Har da Ƙeya ta faɗa.

Ya goge hannu da hankici. Ya daɗe yana gogewa.

"Samari, ka kyauta ke nan?"

"A'a, Yallaɓai."

"To alhamdu lillahi, ya amsa laifinsa. Malama, sa hannu."

"A kan me?"

"A kan abin da kika saba rubutawa. Ranar Litinin yarinya ba ta da lafiya. Zazzaɓi. Wa ya hana yaro zazzaɓi? Kafin su sake sa rana an yi hutu, kafin a dawo an canza jami'ar. Shekara ashirin da shida ina aikin nan."

"Ita kuma yarinyar?"

"Tana nan tare da mu, ga yayanta, ga uwarta. Ba shi kuke so ba?"

Shi nake so. Wallahi shi nake so. Na kalli Malama kamar na durƙusa.

"Yallaɓai," ta ce, "shekara mai zuwa aji biyar za ta shiga ba ta san rabawa ba. Ta shiga shida ba ta san na biyar ba. Sai yaushe?"

"Sauran hamsin da bakwai ɗin duk sun san rabawa?"

"Su idan ba su sani ba, ina jin su."

Ya ja tsaki a hankali. Ya rufe kwanon.

"To me kike so?"

"A kira ta."

"Ta ce me?"

"Ban sani ba. Abin da ya dame ni ke nan." Ta juyo gare ni. "Amma da sharaɗi. Abin da hannunta ya faɗa, shi bakinka zai faɗa. Ba 'ta ce' ba. Idan ta ce ni, ka ce ni. Abin da muka faɗa kuma ka ba ta shi yadda yake, mai daɗi da mara daɗi. Kalma talatin kawai na sani, ba zan iya kama ka ba. Allah yana ganinka."

"Na ji."

"Ka ji, ko ka gane?"

Ban yi dariya ba. Ita ma ba ta yi ba.

Na fita na kirawo Auta. Tun a hanya take jan rigata.

*Me na yi?*

*Ba komai.*

*Fuskarka ta ce akwai komai.*

Ta shiga tana raɓe-raɓe, ta tsaya bayan ƙafata. Malama ta ja kujera ta zauna, har idonsu ya yi daidai. Ta ɗaga hannu biyu. Ta yi gaisuwa, a hankali, tana cije leɓe kamar mai zura zare a allura.

Auta ta zaro ido. Ta kalle ni. Ta kalli Malama. Sai dariya ta ƙwace mata, irin dariyarta mai ƙara da ba ta san tana da ita ba. Hannunta ya fara gudu.

"Me ta ce?"



"Hannunki kamar ƙafar kaza."

Hedimasta ya ƙware da ruwa.

"Madalla," in ji Malama. "Sai me?"

"Kuma ba 'ina kwana' kika ce ba. Cewa kika yi 'ina akuya'."

Malama ta rufe fuska da tafi. Kafaɗunta suna rawa. Auta ta fito daga bayana, ta kama yatsun Malama ta lanƙwasa wannan, ta miƙe wancan, ta daki bayan hannun kaɗan, yadda ake yi wa yaro mai taurin kai. Shekara guda, yau ne karon farko da ta taɓa Malama.

Malama ta ajiye takardar lissafin a gwiwa. Ta kalli Auta, ba ni ba.

"Kin gane wannan?"

Na fassara wa Auta da hannu.

Yatsa a goshi. Tafi a kife.

"Ban gane ba," na ce.

Wata tara rabona da faɗar kalmar nan a madadin Auta.

"Tun yaushe?"

"Tun da aka fara lissafi mai ɗan gida ɗin nan, da lamba ciki da lamba waje. Ban san me ya sa ta waje take cin ta ciki ba."

"Me ya hana ki faɗa min?"

Hannuna ya tsaya a iska. Malama ta kalle ni. Na ƙarasa.

Auta ta haɗe gira.

"Kullum ina faɗa miki."

"Ni kuma na ce me?"

Na san abin da zai zo. Tun kafin Auta ta ɗaga hannu. Ta tura tafinta gaba sau biyu, kamar mai ture labule.

Na kau da kai.

"Tafinta."

"Anjima," na ce. "Kullum cewa kike anjima."

Malama ta juyo gaba ɗaya.

"Ni?"

Wannan ne ban faɗa mata a aji ba. Mutum ba ya ƙarya da baki kawai ya tsira, sai ya yi da hannu ma. Idan Auta ta ce ba ta gane ba, na ce wa Malama ta gane, Malama ta wuce, Auta za ta zuba min ido tana jiran amsa. Dole na ba ta wani abu. Sai na ce, *Malama ta ce anjima za ta sake yi miki.*

"Ban taɓa ce miki anjima ba," in ji Malama. Ta kalle ni. "Ka ba ta shi da hannu."

"Malama, don Allah."

"Yadda yake."

Na durƙusa gaban ƙanwata. Hannuna ya yi nauyi kamar na ɗauko bulo.

*Ta ce ba ta taɓa cewa anjima ba.*

*Ta ce.*

*Ba ta ce ba. Ni ne.*

Ta karkata kai.

*Ba na faɗa mata abin da kika ce. Idan kin ce ba ki gane ba, sai na ce mata kin gane.*

*Yau?*

*Kullum.*

Ta daɗe tana kallon hannuna bayan ya sauka. Ba fuskata ba. Hannun.

Sannan ta fara, a hankali, ba irin gudun da ta saba ba. Ba wanda ya ce na fassara. Bakina ne ya buɗe da kansa.

"Idan an fita hutu ba na zuwa wasa. Ina zama a bakin ƙofar aji. Na ce ko yanzu ne anjima. Idan an tashi ina daɗewa wajen haɗa jaka. Sai ki ɗauki taki jakar ki wuce. Na zaci ba kya so na."

Na tuna sau nawa na yi mata faɗa a kan nawa wajen haɗa jaka. Na tuna na ce wa Umma yarinyar nan ba ta son mutane.

Malama ba ta yi kuka ba. Ta cire tabarau ta riƙe, ta rasa inda za ta ajiye.

Aka buga ƙararrawa. Takalma suka cika baranda. Wani ya leƙo ya ce 'yan aji huɗu suna dambe, Hedimasta ya kore shi da hannu. Ya turo rahoton zuwa bakin tebur, ya ɗora biro a kai.

"Masinja ƙarfe biyu zai tafi. Malama, ko zazzaɓi ko gaskiya, ki zaɓi ɗaya, ni na gaji."

Auta ta bi biron da ido. Ta nuna takardar da haɓa. Ba ta kalle ni ba, amma ni ɗin dai take tambaya. Ba ta da wani.

*Mece ce?*

Zan iya cewa takardar hutu ce. Kalma talatin Malama ta sani. Hannuna har ya fara ɗaukar hanya, ya saba.

Na tsayar da shi.

*Idan Malama ta rubuta kin gane, ki zauna a nan, da ni, da Umma. Idan ta rubuta ba ki gane ba, za a kai ki wata makaranta. Da nisa. A can ake kwana.*

*Kai fa?*

*Ban da ni.*

*Umma?*

*Sai an yi hutu.*

Na ce yanzu za ta kama rigata, shi ke nan, Malama za ta gani ta sa hannu.

Ba ta kama ba.

*Su wa ke can?*

*Yara irinki.*

*Malaman fa?*

*Da hannu suke koyarwa.*

*Su da kansu?*

*Su da kansu.*

Malama ta ɗauki biron. Ta cire murfin. Ba ta rubuta komai ba.

Auta ta matsa daga gefena, taku ɗaya. Ta tsaya tsakiyar ofishin, ƙarƙashin hotonta. Ta kalli Hedimasta, ta kalli Malama, ta ɗaga hannu ta yi maganar a fili yadda ko mai kalma talatin zai tsinci rabinta.

Su biyun suka juyo suna jiran bakina.

Na faɗa musu, da muryata, yadda ta faɗa:

"A can, idan na ce ban gane ba, ji ake yi?"